Sojan Gona a Gidan Masu Kuɗi: Kundin Aikin Littafina

6 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi don in riƙa ajiye inda aka kwana a littafin da nake rubuta wa matasa, 'yan shekara 14 zuwa 18. Ga ƙashin bayan labarin kamar yadda yake a yau.

Yarinya ce mai shekara 17. A nan zan riƙa ce mata Baƙuwa, tunda suna biyu gare ta, kada masu bin kundin su rikice. Mahaifinta akanta ne a kamfanin zuba jari na wani hamshaƙin attajiri, mahaifiyarta kuma tana aiki a cikin gidansa, saboda haka a sashen 'yan aiki ta yi wayo. Tana da shekara 9 aka wayi gari kuɗin wasu mutane sun yi ɓatan dabo, sa hannun da ke kan takardun kuwa na mahaifinta ne. Aka ɗaure shi, bai fito da rai ba. Uwa da 'ya aka watso musu kaya waje. Bayan shekara 8 sai ga ta ta dawo gidan, wannan karon ta babbar ƙofa, ana rige-rigen karɓar mata jaka, da sunan 'yar wani abokin kasuwancin mai gidan da ke zaune a ƙasar waje, wadda rabon mutanen gidan da ita tun tana goye. Wai hutu ta zo yi musu. Abin da ya kawo ta kuwa biyu ne: ta samo takardar da za ta nuna wanda ya ba mahaifinta umarni, kuma ta ga gidan ya durƙushe a gaban idonta.

Babi uku na farko sun samu a daftari. Da bakinta take ba da labarin, don ina so mai karatu ya ji faɗuwar gabanta duk lokacin da aka kira ta da sunan aro ta ɗan yi jinkirin amsawa.

19 ga Janairu

Na tsaya cak a babi na huɗu. Mutanen da ke da lauyoyi da masu gadi da kyamarori a kowane lungu, me zai sa yarinya ƙarama ta shige su? In ban yarda da amsar ba, mai karatu ma ba zai yarda ba. Sai na ajiye rubutu na koma bin tarihin waɗanda suka yi sojan gona da gaske.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na gidan Tichborne a Ingila. Magajin gidan, Roger, ya ɓace a teku a 1854, amma mahaifiyarsa ta ƙi yarda ya mutu, ta yi ta ba da cigiya a jaridu. Sai wani mahauci daga garin Wagga Wagga a Ostareliya ya ce ai shi ne. Roger siriri ne, wannan kuwa ƙato ne mai teɓa. Roger a Faris ya tashi, Faransanci ne harshen da ya fara ji, wannan kuwa ba ya jin Faransanci. Duk da haka da uwar ta gan shi a 1867 ta ce ɗanta ne, ta yanka masa Fam 1,000 a shekara. Sai bayan rasuwarta aka yi ta tafka shari'a, a 1874 kotu ta ce sunansa Arthur Orton, ta ɗaure shi shekara 14.

Irin wannan ya sake faruwa a 1997. Frédéric Bourdin, Bafaranshe mai shekara 23, yana Sifaniya ya ce shi ne wani yaron Texas da ya ɓata a 1994 yana ɗan shekara 13. Idanun yaron shuɗaye ne, nasa ruwan ƙasa, ga karin harshen Faransa a bakinsa. Dangin suka ɗauke shi, ya yi watanni a gidansu, sai da wani mai bincike ya gwada kunnuwansa da na hoton yaron kafin dubunsa ta cika.

Waɗannan biyu a kan bege suka hau. Cassie Chadwick kuwa a kan kunya da kwaɗayi ta hau, kuma ita ta fi kusa da abin da nake nema. Ta sa wani lauya ya raka ta ƙofar gidan hamshaƙin attajirin Amurka Andrew Carnegie a birnin Niyok, ta shiga ta yi hira da mai kula da gidan, ta fito, ta yi kamar wata takarda ta suɓuce mata. Lauyan ya ɗauka, ya ga alkawarin biyan Dala miliyan 2 da sa hannun Carnegie. Ta raɗa masa cewa ita 'yar Carnegie ce da ya haifa a ɓoye, ya rufa mata asiri. Kafin a jima zancen ya karaɗe bankunan Ohio, suka yi ta ba ta rance. Wa zai tunkari babban mutum kamar Carnegie ya tambaye shi irin wannan magana? An kama ta a 1904, ta mutu a gidan yari a 1907.

Anna Sorokin ma haka, a zamaninmu. An haife ta a Rasha a 1991, iyayenta suka koma Jamus da ita tana shekara 16, ta shiga Niyok da sunan Anna Delvey, magajiyar dukiyar kusan Yuro miliyan 60. Tana raba wa ma'aikatan otal tukuicin Dala 100, su kuwa suna yaɗa cewa mai kuɗi ce. A 2019 aka yanke mata ɗaurin shekara 4 zuwa 12.

Abin da na tsinta a duk waɗannan shi ne, wanda ake yi wa ƙaryar shi ke tallafe ta, saboda yana da abin da zai rasa in ta faɗi. Masana ma sun auna: nazarin da Bond da DePaulo suka fitar a 2006, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna mutane na bambance gaskiya da ƙarya daidai a kusan kashi 54 cikin 100, wato kaɗan ya ɗara canki-canka. To ballantana wanda ba ya son ya gane.

Ashe ba wayo zan ƙara wa Baƙuwa ba. Mutanen gidan zan ba buƙata.

3 ga Fabrairu

Na samo buƙatar: attajirin ya karye, ba wanda ya sani.

Kamfaninsa irin na Charles Ponzi ne, wanda asirinsa ya tonu a Boston a 1920: a karɓi kuɗin waɗanda suka shigo daga baya, a biya na farko da sunan riba. Muddin sababbin kuɗi na shigowa, komai lafiya lau. Na zauna na karanta yadda na Bernard Madoff ya tafi, don in san abin da akanta zai gani a irin wannan ofis. Abubuwa uku na ɗauka. Madoff ba ya roƙon kowa, har korar masu son zuba kuɗi yake yi, wannan ya sa manyan mutane ke neman alfarma a karɓi nasu. Sannan an yi ta gargaɗi, Harry Markopolos ya fara kai ƙorafi hukumar kula da hannun jari ta Amurka tun 2000, aka yi biris da shi. Kuma abin da ya kayar da shi taron masu neman uwar kuɗinsu ne a lokaci guda, sa'ad da tattalin arziki ya rikice a 2008. A Disambar shekarar aka kama shi, bayan ya faɗa wa 'ya'yansa biyu gaskiya sun kai rahoto. Takardun da yake aika wa mutane sun nuna kusan Dala biliyan 65, mafi yawa lambobi ne kawai a kan takarda. An ba shi shekara 150.

A littafina, shekara 8 da suka wuce wani ya nemi kuɗinsa ba a samu ba, sai aka miƙa akanta a matsayin ɓarawo, aka toshe ramin, aka ci gaba. Yanzu ramin ya sake buɗewa, ya fi na da. Abin da zai ceci attajirin shi ne kuɗin abokin nan nasa na ƙasar waje, wanda zai zo da kansa a ƙarshen hutu a sa hannu. Gidan kamar ginshiƙin da gara ta cinye ne, fenti na nan ƙal a waje. Ke nan duk wanda ya tsananta wa baƙuwar nan tambaya har ta ɓata rai ta kira mahaifinta, ya kashe gidan. Lallaɓa ta suke yi. Ita tana tsoron su gane ta, su suna tsoron ta gane su.

Wannan ya ba ni wa'adi ma a kyauta. Ranar da uban ya sauka, ƙarya ta ƙare.

4 ga Fabrairu

Na cire karen gidan. A babi na biyu ya gane ta yana kaɗa wutsiya, amma wannan dabara ta tsufa, duk mai karatu zai hango ta tun daga nesa.

22 ga Fabrairu

Makon nan na waya ne. Mahaucin Wagga Wagga bai yi fama da Instagram ba, Baƙuwa kuwa tana zaune da 'yan shekara 17 da za su nemi shafinta kafin ta gama cire takalmi.

Ban so in shiga harkar fasfo na jabu ba. Yarinya ba ta da hanyar samun sa, kuma da zarar labarin matasa ya shiga wannan lungu ya koma na 'yan leƙen asiri. Ga yadda na warware: mai sunan ta gaskiya tana nan da ranta, kuma da yardarta ake yi. Makarantar kwana ɗaya suke, Baƙuwa da tallafin karatu, ita da kuɗin ubanta. Uban ya shirya ta yi hutu a gidan attajirin, ita kuwa so take ta je wurin mahaifiyarta da ya raba su ya hana ta gani. Sai suka yi musaya. Ba iyakar ƙasa da za a ƙetare, ba jami'in da zai duba takarda. Direba ya zo bakin makaranta da suna a rubuce, yarinya ta fito ta ce ni ce.

Shafinta dama a kulle yake, uban ba ya son hotunanta na yawo. Suka ɓoye tsofaffin hotuna, suka zuba na Baƙuwa. In uban ya kira ta bidiyo, 'yarsa ce ke ɗauka daga inda take, ta jingina da farin bango. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da zai kira attajirin kai tsaye ya ce a miƙa wa 'yarsa wayar. Na ajiye wannan sai babi na 15.

Wani ɗan abu da zai yi mini amfani: hoton waya na ɗauke da bayanin ranar da aka ɗauke shi, wani lokaci har da wurin. In an tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, bayanin na gogewa, in an tura a matsayin fayil kuwa yana tafiya da shi. Ɗan gidan, mai shekara 15, wanda kowa ke ɗauka ba ya ganin komai sai allon kwamfutarsa, shi zai lura cewa hoton da ta ce na bara ne a wata ƙasa, watan jiya aka ɗauke shi a bayan makaranta. Ba zai faɗa wa kowa ba. Zai riƙe abinsa tukuna, ya ga me zai saya da shi. Ina son yaron nan fiye da yadda ya kamata.

10 ga Maris

Me ke tona asirin wanda bai tashi cikin kuɗi ba? Tufafi ana arowa, karin magana ana koyo, sunayen ƙasashe ana haddacewa. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne yadda take da 'yan aiki. Tana kallon su a ido. Tana cewa sannu. Tana gyara gadonta kafin mai gyara ta shigo, tana kashe fitila in za ta fita, idonta na zuwa kan farashi kafin ya je kan kaya. 'Ya'yan gidan ba mugaye ba ne, kawai ba sa ganin mutumin da ke riƙe musu ƙofa. Saboda haka horon da ya fi yi wa Baƙuwa ciwo shi ne ta koyi wuce mutane irin mahaifiyarta ba tare da ta gan su ba. Ranar da ta iya kuwa, a babi na 9, ta jefar da tawul a ƙasa ta wuce ba ta ko waiga ba, sai da dare abin ya dawo mata.

Wannan rashin ganin ne kuma ya sa masu gidan ba su gane ta ba. Shekara 9 ta yi a bayan gidansu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalli fuskarta. Masu iya gane ta suna sashen baya. A shari'ar Tichborne ma wani tsohon baran gidan na cikin waɗanda suka fara tsaya wa mahaucin, kuma samun irinsa a gefe ya ƙara wa da'awar nauyi sosai. Daga nan na ɗauko tsohon direba. Ga yadda wurin ya fito jiya, su biyu a mota:

"Ranki ya daɗe, ina muka nufa?"

"Mu ɗan zaga kawai, Baba."

Ya ja mota. Sai da muka bar layin ya rage gudu.

"Makunnin fitilar nan na lungun baya, wanda ke bayan kabad. Tun da nake gidan nan ban taɓa ganin baƙon da ya same shi ba sai an nuna masa. Jiya na ga hannunki ya tafi kansa a cikin duhu."

Na ce, "Sa'a ce, Baba."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Sa'a ce."

Muka yi shiru har muka wuce mahaɗa biyu. Bai kalle ni ta madubi ba da ya sake magana.

"'Yata, yaya mahaifiyarki?"

A nan na rufe babin. Ba ta amsa ba, ban kuma bar mai karatu ya ji abin da ke ranta ba, karo na farko a littafin. Dalilin da zai sa ya rufa mata asiri zai fito can gaba: shi ya kai wa mahaifinta takardun da daddare, ya tsaya a kansa har ya sa hannu. Bai iya karanta su ba, amma ya ga fuskar mutumin.

29 ga Maris

Na ba wasu matasa babi goma sha biyu na farko. Ba su damu da kamfani da takardunsa ba ko kaɗan, wasu ma tsallakewa suka yi, don haka zan rage bayanin in mayar da shi cikin faɗan da attajirin ke yi a waya. Wadda ta tafi da hankalinsu ita ce 'yar gidan, sa'ar Baƙuwa. Na gina ta ne don ta zama tsani, sai ga shi ta zama mutum: ita ce ta farko a rayuwar Baƙuwa da ta taɓa jiran ta a bakin ƙofa don su fita tare. Wata daga cikin masu karatun ta rubuto mini cewa in wani abu ya sami yarinyar nan ba za ta yafe mini ba. Wani kuma ya yi tambayar da ta fi kowace kaifi: mai sunan ta gaskiya fa, ta san abin da ake shirin yi da sunanta?

Ba ta sani ba. Ta ɗauka ƙawarta hutun jin daɗi kawai za ta ci. Ke nan zamba cikin aminci ta farko a littafin jarumar ce ta yi ta, tun kafin shafi na ɗaya. Zan bar shi haka, in fito da shi fili. Matasa ba sa son jarumar da aka wanke tas, suna gane wankin.

14 ga Afrilu

Na iso inda littafin zai tsaya da ƙafarsa ko ya faɗi. Baƙuwa ta sami takardar a babi na 18. To sai me?

Hanya mafi sauƙi a buɗe take. A 2016 'yan jarida suka fallasa takardu miliyan 11.5 na kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca da wani ya miƙa musu, abin da aka sani da Takardun Panama, har firaministan Iceland ya sauka daga muƙaminsa, shi kuwa mai fallasar bai bayyana sunansa ba. Baƙuwa na iya yin haka: ta ɗauki hoton takardun, ta tura, ta haɗa jakarta kwana biyu kafin uban ya iso, ta ɓace. Gidan zai rushe, ita ko ƙwarzane. Na rubuta wannan ƙarshen don in ɗanɗana, na ji shi salam. Sai da na koma kan abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano game da ramuwa na fahimci dalili.

A 2008 Kevin Carlsmith da Timothy Wilson da Daniel Gilbert suka sa ɗalibai wasan zuba kuɗi, aka saka musu mai cin amanar rukuni. Wasu aka ba su damar hukunta shi, wasu ba a ba su ba. Kowa ya zaci ramawa za ta sanyaya masa rai. Sai ga shi waɗanda suka rama sun fi zama cikin ɓacin rai, domin sun ci gaba da juya mutumin a zuciyarsu, waɗanda ba su sami dama ba kuwa sun watsar sun wuce. Mario Gollwitzer na Jamus da abokan aikinsa suka ƙara wani abu: ganin mai laifi na shan wuya kaɗai ba ya gamsar da wanda aka cuta, abin da ke gamsar da shi shi ne mai laifin ya san dalilin da ya sa aka yi masa. Ramuwa saƙo ce, sai ta isa hannun mai ita.

To ga ƙullin, kuma shi ne littafin gaba ɗaya. Sunan aro ba ya aiki sai in ba a san ta ba. Ramuwa ba ta cika sai an san ta. In attajirin ya faɗi bai san 'yar akantansa ce ta kayar da shi ba, zai ɗauka ƙaddarar kasuwa ce, kuma har gobe yarinyar nan ta bayan gida ba ta wanzu ba a idonsa. In kuwa ta tsaya a gabansa ta faɗi sunan mahaifinta, ta jefar da garkuwarta: ta yi sojan gona, ta shiga ofishin mutum ta ɗauki takardu, ta ja ƙawarta cikin rigima, kuma 'yar gidan za ta ji daga bakinta cewa duk dariyar da suka yi tare da wata manufa aka yi ta. Ana cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ba a dai cika faɗar wanda zafin ke fara ƙonawa ba.

Akwai na uku da ya fi ba ni tsoro, kuma shi nake ganin ya fi kama da gaskiya: ta yi shiru. Gado mai laushi, mutane na miƙewa in ta shigo, ga ƙawa. Akwai daren da za ta riƙe takardar a hannu ta ji ba ta son hutun ya ƙare. Dole wannan daren ya samu babi nasa, kuma kada in yi mata wa'azi a cikinsa.

2 ga Mayu

Matar gidan ta sani. Tun mako na biyu ta sani.

Ban shirya haka ba, a wurin rubutu ya fito, da na koma baya kuma na ga alamun na nan birjik, kaɗan kawai zan ƙara. Ita ce ta ɗauki mahaifiyar Baƙuwa aiki, ita kaɗai a masu gidan ta taɓa riƙe yarinyar tana jaririya. Me ya sa ta yi gum? Na tuna labarin Martin Guerre a Faransa. Wani mai suna Arnaud du Tilh ya shigo ƙauyen Artigat a 1556 ya ce shi ne Martin da ya tafi shekara 8 da suka wuce, ya zauna da matar Martin har suka haihu. Rigima ba ta tashi ba sai da ya nemi baffan Martin ya yi masa lissafin dukiya. A 1560 ana cikin shari'a a Toulouse Martin na gaskiya ya shigo da ƙafar katako, aka rataye Arnaud. Har yau masana tarihi na gardama a kan matar: ruɗar ta aka yi, ko kuwa ta gane ta zaɓi wanda ya fi mata?

Tawa matar ta zaɓa. Ta san kamfanin ya mutu, ta san wanda za a miƙa a wannan karon, domin watanni ke nan mijin na kawo mata takardu tana sa hannu. Tana buƙatar wani ya fasa ƙwan kafin ranar, ba da hannunta ba. Ita ta bar makullin ofis inda Baƙuwa za ta gani. Wato duk wayon da yarinyar ke taƙama da shi a babi na 17 da na 18, hanya aka share mata. Wannan zai yi mata ciwo fiye da kamu.

20 ga Mayu

Inda aka kwana: babi 22 a daftari, saura kamar shida. Na yanke cewa za ta faɗi sunanta, amma ba a tsakiyar liyafar sa hannu ba, gaban baƙi da kyamarori. Irin wannan fallasa ta dandali daɗin kallo gare ta, sai dai tana mayar da 'yar gidan abin kallo, kuma Baƙuwar da na sani zuwa yanzu ba za ta yi mata haka ba. Za ta fara gaya wa 'yar gidan, su biyu, daren da ya rage kwana ɗaya uban ya sauka, ta bar mata zaɓin ta tona ta ko ta yi shiru har gari ya waye. Daga nan sai attajirin.

Abubuwan da ke gabana: in koma babi na 5 zuwa na 11 in dasa alamun matar gidan ba tare da sun yi ƙara ba, in ba mai sunan ta gaskiya babi guda da muryarta, domin ita ma akwai bashin da take bi, in biya ɗan gidan farashin shirunsa, wanda har yanzu yake riƙe da hoton nan. Akwai kuma mahaifiyar Baƙuwa, wadda ta ɗauka 'yarta na makaranta tana karatun jarrabawa. Direba ya san inda take zaune, kuma mutum ne da shirun shekara 8 ya ishe shi. Babi na 23 da shi zai buɗe, ya karɓi izinin fita na rabin yini bai faɗi inda za shi ba.